Ɗakin Karatu Mai Taya Huɗu

Jama'a, shekara ashirin da biyu ina tuƙa akori-kura. An tare ni kan gudu, an tare ni kan lodi, an tare ni kan fitila mai ido ɗaya. Amma sai wata Talata a watan jiya aka tare ni kan laifin tafiya a hankali.

Bari in faro muku daga tushe. 'Yata Auta tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun haɗa magunguna. Jarrabawa ɗaya ta rage mata, malamin kuma ya ce tambayoyinsa kaf daga wani jibgegen littafi mai jan bango za su fito. Wanda ya faɗi zai maimaita shekara. Littafin kuwa ba wanda ya taɓa sa shi a ido a ajinsu. Shi kansa malamin ina zargin labarinsa ya ji.

Ba wai jami'ar ba ta da ɗakin karatu ba ne, kada in ɗauki alhakin manya. Akwai shi, bene hawa uku, gilashi ta ko'ina. Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle da kansa ya buɗe shi, har ya yi wa ɗalibai nasiha mai ratsa zuciya, wai sirrin nasara shi ne a lazimci ɗakin karatu. Allah ya saka masa da alheri. Littattafan ne kawai aka manta ba a zuba ba, ɗan Adam kuwa ajizi ne.

Kwatsam sai ga labari cewa baƙi masu duba jami'o'i suna tafe. Nan da nan aka shafa fenti, aka kakkafa furanni marasa saiwa, aka ɗauke ni haya in kwaso littattafai daga wata jami'ar da aka gama dubawa. Ina cikin lodi sai ga mai jan bangon nan. Na buɗe, na ga hatimin makarantu har huɗu, kowa ya liƙe na wanda ya riga shi da farar takarda. Littafin nan ya fi ni sanin hanya.

Kwana biyu littattafan suka yi a kan kanta. Aka zaɓo ɗalibai masu tsabta su zauna, har da Auta. Wani jami'i mai tumbi ya ja musu kunne: "Ku riƙe kamar kuna karantawa, amma kada wanda ya juya shafi. Kayan mutane ne." Duk da haka Auta ta saci karatun babi uku, saura biyar. Baƙi suka zagaya, suka jinjina kai, suka ba da cikakken maki, aka ci aka sha. Motarsu ba ta gama fita ba aka ce in zo in kwashe gobe da safe, wata jami'ar na jira. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma na ga ya rufe ta manya ruf.

Na kai kukana wurin maƙwabcina mai faci. Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya ce, "Kai ma dai da wata magana. Ba Mai Girma ya ce ta lazimci ɗakin karatu ba? To gobe ina ɗakin karatun zai kasance?"

Na ce, "A bayan motata."

Ya ce, "Shi ne za ka hana yarinya bin umarnin manya?"

Washegari Auta ta haye baya, ta zauna kan kwali da lema da biro. Tafiyar awa biyu ce, na mai da ita bakwai. Sannu ba ta hana zuwa. Muna cikin rarrafe ɗan sanda ya ɗaga hannu.

"Malam, lafiya kuwa? Mai keke ya wuce ka har ya dawo."

"Yallaɓai, ɗakin karatu nake ja, ba a son jijjiga."

Ya leƙa baya. Auta ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai ya tambayi inda za a kai littattafan. Da na faɗa masa sai ya rage murya: "Ƙanena a can yake karatu. Kwana nawa za su yi?" Na ce biyu. Ya zaro waya yana ba ni hanya, ya ce, "Wuce. Kuma ka rage gudu."

Muna hango ƙofar jami'ar Auta ta buga gilashi. "Baba, saura shafi talatin." Motar nan da ke mutuwa ba gaira ba dalili, ran nan ƙememe ta ƙi. Sai da na buɗe gaban motar na zare mata wayar inji da hannuna, Allah ya yafe mini.

Jiya sakamako ya fito. Auta ce ta ɗaya a ajinsu. Na yi kuka a gaban mai faci, kuma ban ji kunya ba. Yau da safe na ga hotonta a babban allo a ƙofar jami'a, benen gilashin nan a bayanta, an rubuta cewa ga irin amfanin ɗakin karatunmu. Ni ban yi musu ba, wane ni. Sai dai da sun tambaye ni, da na wanke motar an ɗauki Auta hoto a ciki.