Filashin da Ya Cinye Muryar Inna

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Tsafe ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

Lokacin ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Sabon Garin Gusau. Aka kawo mana kwamfutoci ɗaki guda, kowace sai an zauna an ɗora mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, tana tambaya kana amsawa har bayanka ya ƙage. Na gaji. Sai na koyi rubuta duk amsoshin a ɗan fayil guda, na haɗa da manhajar a filashi. Kana soka shi ka kunna, kwamfuta za ta goge duk abin da ke cikinta, ta shirya kanta, babu ruwanta da kowa. Har hotona na sa ya riƙa fitowa a fuskarta in ta gama (da tabarau, don a san da injiniya ake).

Labari ya kai Tsafe, aka gayyace ni in nuna wa malaman wata makaranta. Shugabansu, Malam Garba, dattijo ne mutumin Bungudu, mai sanyin magana. Shi ya ba da aron laftof ɗinsa don a haska bayanina a bango.

Filashi biyu ne a aljihuna, iri ɗaya: ɗaya mai bayanina, ɗaya mai gogewar nan. Ban duba ba. Na soka, na kunna, na juya baya ina ta zuba: zamani ya wuce wahala, mai ilimi ba ya zufa. Wani malami ya ɗaga hannu.

"Malam, wanga rubutu da ka gudu ga bango fa, mi na na?"

"Aikinta take yi," na ce, ko waigawa ban yi ba.

Da na waiga, aikin gama ya gama. Can sai ga fuskata ta cika bango, da tabarau, ina murmushi. Malamai suka ɗauka cikin shirin ne, suka yi ta tafi. Ni kuwa sai a lokacin na gane mai gogewar na soka.

Malam Garba ya matso, ya ɗan dudduba laftof ɗin, ya ce a hankali, "Ɗana, ina muryar Inna?"

Ashe tun shekarun saba'in yayansa ya ɗauki muryar mahaifiyarsu da rikoda a Rawayya, tana waƙar niƙa tana kiran sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Kaset ɗin ya daɗe da lalacewa, yayan ma ya rasu. Abin da aka kwafa a laftof ɗin nan shi kaɗai ya rage.

Da zagina ya yi da na samu sauƙi. Rufe ta kawai ya yi ya ce, "Allah ya ƙaddara. Ku ba baƙo abinci." (Na ci, wallahi. Har yau ban san yadda tuwon ya wuce ba.)

Sati biyu ina yawo da laftof ɗin wurin masu gyara a Gusau. Abin da muka iya cetowa guntu ne: tarin tsohuwa, ƙarar dutsen niƙa, sai rabin suna, "Gar…". Na kai masa har gida Bungudu. Ya saurara sau uku a zaure, ya share ido da bakin riga, ya kuma yi mini godiya. Godiyar nan ta fi mari zafi.

Darasin da na samu dai shi ne, na'ura ba ta san kunya ba. Abin da ka ce ta yi shi za ta yi, tsaf, cikin sauri, sannan ta bar maka kunyar ka sha kai kaɗai.