Ranar da Na Taya Sarkin Noma Gayya

Ba zan taɓa mantawa da wata gayyar noma da na kai kaina ba, a wani ƙauye da ke bayan Minjibir.

Lokacin ni malamin aji shida ne kawai a firamaren garin, ban riƙe muƙamin komai ba. Da damina ta sauka sai ajina ya koma kufai. Iyaye sun kwashe yara zuwa gona, ga jarrabawar shiga sakandare ta matso. Hedimasta ya yi barazanar kora, ya ambaci hukuma har ya gaji. Ko a jikinsu.

Sai dabara ta faɗo mini. Na lura duk garin maganar mutum ɗaya ake ji, wato Sarkin Noma, Baba Haladu, kuma ran Asabar za a yi masa gayyar noman farko. Na ce bari in je in kama masa aiki, in an zauna shan fura sai in sako maganar yara. (Ni kuwa ɗan cikin birni ne. Gero a buhu na san shi, sai kuma a kwano.)

Na aro fartanya, aka ware mini gefe guda. Na duƙa da ƙarfina, duk wani kore da na gani sai na share shi. Nan da nan na wuce kowa. Har ina cewa a raina, ashe noman nan ma suna ne kawai.

Can sai na ji mai ganga ya yi shiru. Na ɗago, kowa ya tsaya yana kallona. Baba Haladu ya tako a hankali, ya sunkuya ya tsinci wani ɗan tsiro cikin waɗanda na sare.

"Malam," in ji shi, "wannan ciyawar da ka gama da ita, ita muka shuka."

Geron na nome tas, har da waken da ke tsakani! Aka kwashe da dariya, wani har da riƙe ciki. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka kawo fura na kasa ɗaga kai. Baba Haladu da kansa ya tambayi abin da ya kawo ni, na faɗa masa maganar yara. Sai ya ce, "Kullum aike makarantar nan take yi mana, ba wanda ya taɓa tako gonata sai kai." Ya juya ga jama'a. "Kowa ya saki ɗansa da safe, gona sai bayan azahar. Wanda ya ƙi, zan turo masa Malam ya taya shi noma."

Ran Litinin benci ya yi kaɗan a ajina. Hedimasta ya tsaya bakin ƙofa, baki buɗe, yana tambayata wace hukuma na kai wa ƙara. Yarana kuwa kaf suka zauna jarrabawarsu, ni ma na riƙa tafiya ina buɗa kafaɗa.

Tun ranar na gane cewa in kana so mutane su ji maganarka, ka bi su har gonarsu, ka yarda su yi maka dariya. Amma dai kafin ka duƙa, ka tambaya wanne ne geron.