Zakaran Alhaji da Birkin Sabuwar Mota

Shekara goma sha biyu ina tuƙa tsohuwar akori-kura kafin maigidana, Alhaji Mudi mai hatsi, ya sayo sabuwa, jim kaɗan bayan an ba mu jiha. Dillalin ya fara yi mini bayanin birkinta, na ce ya riƙe karatunsa, ba yau na fara riƙe sitiyari ba.

Ranar Juma'a ni da Alhaji muka ɗauko gero daga kasuwar Tsafe za mu Bunguɗu, an ɗan yi yayyafi. Mun wuce Gusau ke nan shanu suka faɗo titi. Na taka birki da ƙarfina, sai ya hau kakkarwa yana gurnani, yana turo mini ƙafa. Na ce shi ke nan, ya tsinke. Na runtse ido, ƙafata a danne, na yi kalmar shahada, sannan na nemi gafara kamar kowane mai shirin tafiya.

"Alhaji, ka yafe mini! Zakaranka na bara ba muzuru ya ci shi ba, ni ne!"

Na buɗe ido, ashe mota ta daɗe da tsayawa, wata saniya tana leƙo ni. Wai haka birkin zamani yake aikinsa a kan santsi.

Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, Muzuru, mu tafi."

Sunan ya bi ni har gida, jikokina ma sun ɗauka. Alhaji ya rasu tuni. Duk Bunguɗu suna kirana Muzuru, amma ba wanda ya iya faɗinsa kamarsa.