Nomau da Dutsen Sarkin Fawa

A garin Rafin Tsamiya akwai wani maƙeri mai suna Haladu, yana zaune da matarsa Laure da ƙaninsa Nomau. Nomau ƙato ne har da gemu, ba ya ƙiwa, ba ya musu. Abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari.

Haladu ya sayar da bijiminsa ya sayo injin gyaran dutsen wasa wuƙa. Faifan ƙarfe ne mai juyawa. A barbaɗa masa wani baƙin gari mai kaushi, a yayyafa ruwa, a ɗora dutsen da tsakiyarsa ta lotsa, faifan ya ci shi har ya daidaita. Mahautan garin ba su yarda da injin ba. Suka ce ba mai kawo nasa sai sun ga yadda zai yi da dutsen Sarkin Fawa, wanda ya gada daga kakansa.

Wata rana Haladu ya zana layuka da fensir a kan wani dutse, ya ce wa Nomau, "Idan zanen nan ya ɓace duka, dutse ya daidaita." Bai kai ƙofa ba Nomau ya kira shi.

"Yaya, na gama."

"Injin ma ban ji ya tashi ba."

"Ai tsumma ya fi shi sauri," in ji Nomau.

Wata rana Haladu ya ga Nomau ya kafe dutse wuri ɗaya a kan faifai, ya ce, "Kada ka tsaya waje guda, ka riƙa zagayawa da shi ko'ina." Nomau ya saɓa dutsen a kafaɗa. Ya zaga kasuwa, ya zaga tasha, ya leƙa makarantar boko. Da azahar ya dawo yana gumi, ya ce saura unguwar masaƙa.

Wata rana Haladu zai tafi jana'iza, ya ce, "Duk dutsen da ka ga ya lotsa, ka gyara shi." Da Laure ta zo niƙa kayan miya, ta tarar da dutsen niƙanta sumul kamar allo. Ta zuba tattasai, ya gangare ƙasa.

"Ƙanin miji, wa ya aike ka?"

"Mijinki. Kuma naki ya fi na kowa lotsawa, ban san yadda kike haƙuri da shi ba."

"Yadda nake haƙuri da kai," in ji Laure. Ranar tuwo da miyar kuka tsura aka ci.

Wata rana, ana saura kaɗan Babbar Sallah, Sarkin Fawa ya aiko da dutsensa naɗe cikin buhu. Haladu ya tsoma shi a bokiti, ya ce, "Kada ka ɗora shi a faifai sai ya sha ruwa ya daina kumfa. Zan je neman man janareto." Nomau ya tsuguna ya zuba wa bokiti ido.

La'asar ta yi, Haladu ya dawo, sai ga Sarkin Fawa da mahauta a bayansa. Dutse na cikin ruwa, ba a taɓa shi ba.

"Haladu, injin ne ya ji tsoron dutsen, ko kai?" in ji Sarkin Fawa. Mahauta suka yi dariya.

"Bai daina kumfa ba, ranka ya daɗe," in ji Nomau. "Ga su nan, a jere suke fitowa."

Haladu ya duƙa. Ƙananan kumfa ne ke tasowa ɗaya bayan ɗaya, a kan layi guda daga gefe zuwa gefe. Ya bi layin da farce, farcen ya maƙale. Tsaga ce siririya. Da an danna dutsen a faifai, da ya rabe biyu a hannunsu, a ce injin ne ya fasa shi.

Sarkin Fawa ya juya ya dubi mahaucin da ya kawo buhun. Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ce a hanya ya suɓuce daga bayan babur.

Sarkin Fawa ya ce wa mahauta, "Gidan da ake duba dutse haka, gobe kowa ya kawo nasa." Ya miƙa hannu zai ɗauki kayansa.

Nomau ya rungume bokitin.

"A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Bai daina ba tukuna."