Awakin Surukina a Zauren Sulhu

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka kammala horon sasanta rikici a Suleja ba. Ofishinmu ne ya tura ni, kuma ogana ya faɗa min ƙarara: in na ci gwajin ƙarshe, ni za a ba kujerar jami'in sulhu, in na faɗi, in koma ɗaukar fayil. Gwajin kuwa wasan kwaikwayo ne a gaban dattawan gari. Ina leƙa zauren sai ga surukina, Baba Alhaji, a layin gaba.

Malamarmu, Madam Rifkatu, ta sha nanata mana cewa mai sulhu ba shi da ɓangare. Ya saurara, ya maimaita abin da ya ji, ya kama bakinsa. Na haddace tsaf. Ta zaunar da ni tsakanin abokan karatuna biyu: Yakubu shi ne manomi, Ishaya shi ne mai awakin da suka shiga gona. Ina jin an ce awaki, gumi ya karyo min.

(Bari ka ji dalili. Daminar bara awakin Baba Alhaji suka cinye min wake tas a gonata ta Chaza. To wa ya isa ya kai ƙarar suruki? Da ya tambaye ni, durƙusawa na yi na ce, “Ai ba komai, Baba.” Na haɗiye abina, ko matata ban yi wa ƙorafi ba.)

Da farko na yi ƙoƙari, wallahi. “Malam Yakubu, in na fahimce ka, ranka ya ɓaci.” Ana dai tafiya. Sai Ishaya, shegen ya iya wasa, ya miƙe ƙafa ya ce, “Haba oga, dabba ce fa. Ɗan waken ma guda nawa yake?”

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

“Ɗan wake? Ka san yadda bayana ya yi kafin in gama noma? Igiya ce ta gagare ku? Mutum ya tara awaki ya sake su a gonar mutane don ya san ana jin kunyarsa! Musamman wannan jar akuyar mai karyayyen ƙaho!”

A wasan da aka tsara babu wata jar akuya. Yakubu, wanda wai aka yi wa ɓarnar, shi ne ya riƙe min riga yana ba ni haƙuri, Ishaya na miƙo min ruwa. Madam Rifkatu ta ajiye biro ta dafe kai.

Sai na ji gyaran murya daga layin gaba. Baba Alhaji ya ce a hankali, “Ƙahon hagu ko na dama?”

Innalillahi! Maimakon in yi shiru, bakin nan nawa ya ce, “Na hagu, Baba.” Dattawa suka fashe da dariya, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yakubu, da yake ofishinmu ɗaya, shi aka ba kujerar, ni har yau ina fama da fayil. Baba bai taɓa yi min faɗa ba, kuma gara ma ya yi. Duk sanda na je gaishe shi, tun daga zaure zan ji ya ɗaga murya: “Ku ɗaure awaki, ga mai sulhu nan.”

Na dai koyi darasi: kafin ka zauna raba faɗan mutane, ka tabbata ba ka zo da naka a ciki ba.