Tarwaɗa Mai Ƙafa Huɗu

Ko tsufa ya cinye ni, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙosar da ƙasar Buza da kifi a kan allo ba.

Lokacin ban jima da gama lakkwal ba, wato makarantar boko, aka tura ni Tama, wani gari a ƙasar Buza, in taimaki ƙungiyar mata masu lambu da kiwon tarwaɗa. Rami guda gare mu. Wata safiya na leƙa, sai ga ƙananan abubuwa baƙaƙe, kai da wutsiya, sun cika ruwan fal. Tarwaɗa ta haihu! (An koya mana cewa da wuya ta hayayyafa a rami, amma na ɗauka tawa ta dabam ce.)

Mako uku ina lissafi, ban sake leƙa ramin ba. Na tara matan da mai gari a gindin mangwaro, na sa rigata ta sallah, na jingina allo. Na ce bana Tama za ta ƙoshi, baɗi garin Karofane, shekara biyar kuwa ko gero ya ƙi, babu yaron da zai kwana da yunwa. Aka yi guɗa. Nan take suka yarda a tone fangalin albasa biyu a ƙara ramuka.

Sai Inna Saratu, shugabar ƙungiyar, ta tashi ta kamfato ruwan ramin a ƙwarya, ta kawo mini har gaban allo, ta kira ni da sunan da suke kiran ɗan boko.

"Mushe, mu ba mu yi lakkwal ba. Wanga kifi naka, ina za shi da ƙahwa?"

Na duba. Ƙafafu huɗu, har da yatsu. Ɗaya ma ya yi tsalle ya dira a kan takardata.

"Ɗiyan kwaɗi na, ɗana," in ji ta a hankali, wai don kada a ji. Kowa ya ji.

Mai gari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ni kuwa na tsaya da alli a hannu ina cewa, "To, ai... ai shi ma nama ne." (Wallahi haka na faɗa.)

Albasa ta tsira. Tarwaɗarmu ta gaskiya ta girma, muka soya bayan damina, Inna Saratu ta zaɓa mini babbar. Har gobe ina yi wa ƙungiyoyi hasashen kifi, sai dai kafin in taɓa alli, nakan nemi wata tsohuwa ta leƙa mini ramin.