Ranar da na kai shela Mafaza a kan sustar lori

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na ɗaga motata sama saboda soyayya, kuma ko ni na so in manta, Gwaggo Hajja ba za ta bari ba.

Ni dai tun ina yaro littattafan soyayya suka lalata ni, irin waɗanda matafiya ke kawo mana nan garinmu Gadarif daga Najeriya, bangonsu duk ya yage. A cikinsu saurayi ba ya zuwa gidan budurwa haka kawai. Sai ya zo a doguwar mota mai sheƙi, ya sauko da ƙafa ɗaya a hankali, ƙamshinsa ya riga shi shiga gida. Abin da nake da shi kuwa tsohuwar boksi ce, motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda nake ɗaukar riɗi da dawa daga gonaki zuwa kasuwa.

Sakina, wadda nake nema da aure, a garin Mafaza take, bakin kogin Rahad. Mahaifinta, Alhaji Musa, ya yi mini magana a fili: idan shela ta iso kafin ruwa ya rufe hanya, za a sa rana nan kusa, idan ba ta iso ba, sai bayan an gama yankan riɗi. (Shela ita ce kayan da dangin ango ke kaiwa gidan amarya: tufafi, turaruka, sukari, fulawa, man girki.) Shi a wajensa 'yan watanni ne. Ni a wajena kamar an ce in jira tashin duniya. Wanda ya san baƙar lakar ƙasarmu kuwa, ya san idan ta sha ruwa, mota gajera a cikinta take kwana.

Sai na yanke shawarar ɗaga boksi da kaina, tunda aljihuna bai kai na je gareji ba. Na samo manyan tayoyi na hannu, na je wajen masu tsofaffin ƙarafa na zaɓo susta, wato faifayen ƙarfen nan da ke riƙe nauyin mota a kan tayoyin baya. Ban zaɓi ta ƙaramar mota ba. Ta lori na ɗauko, don a tunanina abin da ya fi kauri ya fi nuna ƙauna. Na kwanta ƙarƙashin mota a inuwar dalbejiyar ƙofar gidanmu, wayata a jingine da dutse tana nuna mini yadda ake yi, ina cusa faifai a kan faifai ina ɗaurewa. Baƙin mai ya cika mini fuska, ni kuwa ina ta tsara yadda Sakina za ta leƙo ta saman zana ta dafe ƙirji.

Da na gama, bayan motar ya yi sama, gabanta ya duƙa kamar mai ruku'u. Na ce ba komai, kwarjini ne. Na gwada ta kuwa, kada a ce ban gwada ba: na loda mata buhunan dawa har suka cika ta, kamar yadda na saba, na zaga unguwa. Lafiya lau, kamar kana kan katifa.

Ranar tafiya na sa farar jallabiya, na naɗa rawani. Kawu ya shiga gaba kusa da ni. Gwaggo Hajja, yayar mahaifina, ta ce ba mai raba ta da kayan, don haka aka shimfiɗa mata tabarma a baya ita da mata biyu na gidanmu, akwatuna da buhunan fulawa da sukari a gefensu.

Muna barin kwalta na gane abin da na yi. Sustar lori ba ta san da zaman Gwaggo ba. Nauyin da zai sa ta lanƙwasa, nauyin dawa ne cike da mota, ba mata uku da kwalaben turare ba. Kowane rami muka taɓa, sai bayan motar ya yi tsalle kamar bunsuru. Kawu ya riƙe hularsa da hannu biyu yana salati. Ina jin ana dukan rufin mota daga baya, amma ga hadari ya haɗo, ga laka a gaba, na san idan na tsaya mun kafe. (Na kuma gaya wa kaina wai guɗa suke yi.)

Maganar gaskiya, lakar ba ta riƙe mu ba. Mun wuce motoci da suka nutse har ciki. Na shiga Mafaza ina danna hon, matan gidan su Sakina suka fito da guɗa, na sauko da ƙafa ɗaya a hankali kamar yadda na karanta. Sai guɗar ta tsaya cak.

Na waiga. Buhun fulawa ya fashe, kwalaben turare sun farfashe a cikinsa, Gwaggo da matan nan sun yi fari fat tun daga mayafi har gira, sai idanu kawai ke motsi. Ƙamshi kuwa ya cika layin gaba ɗaya.

Alhaji Musa ya zagaya motar, hannu a baya. "Ya waladi, ɗana," ya ce, "wannan mota ce ko raƙumi?"

"Mota ce, Baba."

"To ka ce mata ta durƙusa, baƙinmu su sauka."

Aka fashe da dariya. Ta bayan zana na ji wata dariyar da na sani, har da shaƙewa. Ba dafe ƙirji, ba komai. Na so lakar da na tsallake ta biyo ni ta haɗiye ni.

Gwaggo ta leƙo ƙasa, ta ga nisan. "Ku kawo mini turmi," ta ce. Aka kife turmi, ta taka ta sauko, ta kakkaɓe fulawa, ta dube ni har na sadaƙar yau sai mari. Sai ta juya wajen Alhaji Musa.

"Alhaji, ka ga ɗan nan namu? Hankali dai sai a hankali. Amma yaron da ya kusa kashe gwaggonsa don kada ya makara wajen 'yarka, ba za ka ce ya jira riɗi ba. Ƙashin bayana ne shaida."

Alhaji ya yi dariya har ya share hawaye. "Khalas, shi ke nan, Hajja. A shigo da abin da ya tsira."

Bayan la'asar aka sa rana, da sharaɗi ɗaya daga bakin uwar Sakina: ba a wannan motar za a ɗauki amarya ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka burge masoyiya, ka tambayi waɗanda za su zauna a baya.